Takarda ta shiga, mai ita ya tsaya a ƙofa: matasan New Bell da tarukan masana kwamfuta

A farkon daminar bara wani tsohon ɗalibina ya same ni bayan sallar isha'i a majalisarmu da ke kusa da Kasuwar Kongo, a unguwar New Bell ta Duwala. Ya miƙo mini wayarsa bai ce komai ba. Saƙo ne da Ingilishi daga kwamitin wani taron masana kwamfuta da za a yi a Turai, ana shaida masa cewa an karɓi maƙalar da ya rubuta tare da malaminsa da wani ɗan Kamaru mai koyarwa a Faransa. Na yi masa barka. Sai ya ce, "Malam, ni fa ban san ko murna zan yi ko tagumi ba. Sun ce a biya kuɗin rajista cikin mako uku, in ba haka ba su cire takardar."

Mahaifinsa tela ne. Shi kuwa yana karatun mastar a fannin kwamfuta, da yamma yana gyaran waya don ya samu na bensikin zuwa makaranta. Wata takwas ya yi yana aikin nan, yawanci cikin dare. Abin da ya biyo bayan wannan saƙo shi ya sa ni wannan rubutu, domin labarinsa labarin matasa ne da yawa a Briqueterie ta Yawunde, da Ngawundare, da Njamena, da Yamai, da zangon Akra. Kuma wannan lokaci ne na shekara da tarukan ke buɗe ƙofar karɓar takardu, a daidai sa'ad da hanyar zuwa wajensu ke ƙara ƙunci ga 'yan yankinmu.

Gayyar kwamfutoci

Fannin da yaron ke ciki kashi biyu ne masu dangantaka. Na farko shi ne raba babban lissafi ga ƙwaƙwalen kwamfuta masu yawa su yi shi a lokaci guda. Duk wanda ya san gayya ya san tushen abin: gonar da mutum ɗaya zai yi kwana da kwanaki yana nomewa, mutum ashirin za su gama ta kafin azahar. Da irin wannan gayya ake hasashen yanayi, ake binciken magunguna, ake horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da kowa ke magana a kansu yanzu. Kwamfutar El Capitan ta Amurka, wadda ta hau saman jerin mafi ƙarfi a duniya a Nuwamban 2024, tana da ƙwaƙwale fiye da miliyan 11 da ke aiki tare.

Amma gayya tana da iyaka, kuma wani injiniya mai suna Gene Amdahl ya bayyana ta tun 1967. A ce aiki na awa 100 ne ga mutum ɗaya, kuma awa 10 daga ciki ba ya rabuwa, dole mutum ɗaya ya yi shi. Idan aka kira mutum 10, za su raba awa 90 ɗin, kowa ya yi 9, a haɗa da 10 ɗin can, aiki ya ƙare a awa 19. Idan aka kira mutum 90, ya ƙare a awa 11. Ko da za a tara duk mutanen gari, ba zai sauko ƙasa da awa 10 ba. Yawancin binciken wannan fanni ƙoƙari ne na rage wannan kaso da ba ya rabuwa.

Kashi na biyu shi ne kwamfutocin da ke warwatse a wurare daban-daban, amma dole su yarda da magana ɗaya. Ɗan kasuwar da ya tura kuɗi ta waya daga Duwala zuwa Garwa yana dogara ne da wannan ilimi ba tare da ya sani ba: idan layi ya yanke ana tsakiyar turawa, kada kuɗin su fita daga wajensa su ƙi isa, kada kuma su isa sau biyu. Kakanninmu fatake sun san matsalar tun kafin a ƙera kwamfuta. Maigida yana Kano, dillali yana Ibadan, yaro yana kan hanya da goro, wasiƙa na iya makara ko ta ɓata, wani manzon ma na iya yin ƙarya, amma dole lissafi ya daidaita a ƙarshe. Leslie Lamport, wanda ya samu lambar yabo ta Turing ta 2013, ya yi suna ne da mayar da irin waɗannan tambayoyi zuwa lissafi.

Me ya sa sai taro?

A likitanci ko tarihi, mujalla ce ma'aunin malami. A kimiyyar kwamfuta al'adar ta bambanta: manyan taruka su ne ke kan gaba, kuma takardar da ta shiga kundin babban taro tana iya fin ta mujalla daraja. A wannan fanni akwai IPDPS na ƙungiyar IEEE, wanda aka yi a San Francisco a 2024 da Milan a 2025. Akwai Euro-Par da ake yi a Turai tun 1995, wanda ya sauka Madrid a 2024 da Dresden a 2025. Akwai SC da ake yi kowane Nuwamba a Amurka tun 1988. Akwai kuma PODC na masu nazarin lissafin tsantsa.

Tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Kwamiti yana fitar da sanarwa watanni kafin taro, da adadin shafuka da wa'adin da ba a ɗagawa don mutum ɗaya. Marubuci ya ɗora takardarsa ta intanet, sau da yawa ba tare da sunansa ko na jami'arsa ba, don kada alƙalai su san ko wane ne. Masana uku ko huɗu su karanta, su rubuta hukunci. Wasu tarukan suna ba marubuci 'yan kwanaki ya kare kansa. Da yawa yanzu suna neman a miƙa manhajar da bayanan gwajin, don wani ya sake gudanar da su ya ga ko sakamakon gaskiya ne. A manyan tarukan, akasarin takardun da aka aiko ana mayar da su ne.

Wannan ɓoye suna alheri ne ga ɗan New Bell. A matakin karatu, alƙali bai san ko takardar daga Zurich ta fito ko daga ɗakin da ke bayan shagon tela ba. Matsalar tana gabanin wannan mataki da bayansa.

Ƙasar da ta riga wasu farawa

Kada wani ya ɗauka fannin baƙo ne a Kamaru. Farfesa Maurice Tchuente, wanda ya shugabanci Jami'ar Duwala kafin ya zama ministan ilimi mai zurfi daga 2002 zuwa 2004, ya yi suna ne a wannan fage tun yana Grenoble. A shekarun 1980 shi da Yves Robert sun wallafa bincike kan wani tsari da ake jera ƙananan ƙwaƙwale suna miƙa wa juna bayanai bi da bi, kamar yadda leburori ke miƙa bulo hannu da hannu. Irin wannan tsari ne ke cikin na'urorin TPU da kamfanin Google ke amfani da su yau. Tchuente yana cikin waɗanda suka kafa taron CARI, na masu binciken kwamfuta a Afirka, wanda aka fara a Yawunde a 1992 da haɗin gwiwar cibiyar INRIA ta Faransa. Daga nan ya je Wagadugu a 1994, Libreville a 1996, Dakar a 1998, yana ci gaba duk bayan shekara biyu.

A ƙarni na baya akwai Alain Tchana, wanda ya yi karatu a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, ya yi digirin digirgir a Toulouse, yanzu farfesa ne a Grenoble, kuma sunansa na fitowa a manyan tarukan tsarin kwamfuta tare da ɗalibai 'yan Kamaru. Saboda haka hanya tana nan, an bi ta. Sai dai duk wanda ya duba za ta nuna masa abu biyu. Yawancin waɗanda suka isa sai da suka bi ta Faransa. Kuma 'ya'yan unguwannin Hausawa ba su cika bayyana a cikinta ba.

Dalilin na biyun yana da tarihi. New Bell ta samo asali ne daga lokacin da Jamusawa suka ƙudiri kwashe mutanen Duwala daga bakin kogin Wouri su mayar da su can ciki, rikicin da ya kai ga rataye sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agustan 1914. Daga baya unguwar ta zama masaukin baƙi, Hausawa da Bamileke da Basa da sauransu. Namu sun zo ne da fatauci da fawa da ɗinki da malanta, kuma kasuwa ta riƙe su tsawon zuriya uku ko huɗu. Yaro mai kaifin lissafi ana ganin amfaninsa a shago tun yana ɗan shekara goma sha biyar. Wanda ya jure har jami'a, ya wuce lasisi zuwa mastar, ya riga ya saɓa wa abin da gida ke tsammani. Idan ya zo yana neman kuɗi don ya je ya karanta shafi goma sha biyu a gaban Turawa, ba kowane uba ne zai gane ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Na'ura, wuta da layi

Ƙofar farko ita ce wajen gwaji. Wanda ya ce ya gano hanyar da ƙwaƙwale dubu za su yi aiki da sauri, alƙalai za su tambaye shi a kan wace na'ura ya gwada. Afirka ta Kudu tana da Lengau a Cape Town tun 2016. Maroko ta ƙaddamar da Toubkal a jami'ar Benguerir a 2021. Kodebuwa ta girka tata a Bingerville, Senegal a Diamniadio. Ɗalibin Duwala ko Maraɗi ba ya da irin wannan a kusa da shi.

A 2016 gwamnatin Kamaru ta sanar da shirin raba wa ɗalibai ƙananan kwamfutocin hannu dubu 500, waɗanda aka sani da PB HEV, cikin wani shiri na sefa biliyan 75 da aka ranto daga China, wanda ya haɗa da gina cibiyoyin fasahar zamani a jami'o'in gwamnati. Kwamfutocin sun taimaki wasu wajen buga rubutu da karatu. Amma kwamfuta dubu 500 da ke cikin jakunkuna dubu 500 ba gayya ba ce. Mai binciken wannan fanni na buƙatar na'urori ko da ɗari ne a ɗaki ɗaya, a haɗe da waya mai sauri, da wutar da ba ta yankewa, da ma'aikacin da ke kula da su. A ganina wannan shi ne giɓin da manufofin gwamnatocin yankin suka fi tsallakewa, domin raba kaya a gaban kyamara ya fi saurin jawo tafi a kan biyan albashin mai kula da ɗakin na'ura na shekara goma.

Ɗalibina ya yi gwajinsa ne a kan na'urorin Faransa, ta hannun abokin aikinsu na can. Hakan na nufin komai ya rataya a kan wuta da intanet na gidansu. Tashar Nachtigal mai megawat 420 ta kammala shiga layi a 2025, amma mazauna Duwala sun san ɗaukewar wuta ba ta zama tarihi ba. Intanet ma haka. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, ciki har da SAT-3 da ke sauka Duwala da WACS da ke sauka Limbe, layi ya raunana daga Abijan har nan. Tsakiyar Maris kuwa lokaci ne da wa'adin wasu tarukan bazara ke cika. A 2017 yankunan masu magana da Ingilishi sun yi kimanin wata uku babu intanet, har masu fasahar Buea suka riƙa zuwa Bonako, a kan hanyar Duwala, don su samu layi. Kwamitin taro ba ya ɗaga wa'adi don ɗayan waɗannan.

Wani ƙaramin sani da ya taɓa ceton takarda: yawancin tarukan suna rufewa da tsakar daren wuri mafi makara a duniya, abin da suke rubutawa AoE. A agogon Kamaru da Najeriya da Nijar da Chadi, wannan ya yi daidai da ƙarfe 12:59 na ranar washegari, a Ghana kuma 11:59. Wanda wuta ta ɗauke masa da dare yana da sauran safiya.

Lissafin aljihu

Ƙofa ta biyu tana buɗewa ne bayan an yi nasara. Dokar yawancin tarukan ita ce dole ɗaya daga cikin marubuta ya biya rajista, ya kuma zo ya gabatar. IEEE na da ikon cire takardar da ba a gabatar ba daga rumbunta. Kuɗin rajista ɗaruruwan Yuro ne ko Dala. Mu ɗauka Yuro 700 ne. Tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, abin ya kusa sefa dubu 460, ba a sa jirgi da masauki ba. A gefe guda, kuɗin makarantar jami'ar gwamnati a Kamaru sefa dubu 50 ne a shekara tun garambawul ɗin 1993, kuma mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba sefa dubu 60 ne tun 2023, jaka sittin a bakin 'yan kasuwa. Rajista kaɗai ta haura albashin wata bakwai, ta kuma fi kuɗin makarantar shekara tara.

Ko an samu kuɗin, biyansu wani aiki ne. Shafin taro katin banki yake karɓa, matasanmu kuwa kuɗinsu a waya suke. Dokar canjin kuɗi ta babban bankin BEAC, da ta fara aiki a 2019, ta ƙara takardun da ake nema kan kuɗin da ke fita waje. 'Yan uwanmu na Najeriya sun sha tasu: daga 2022 bankuna da dama sun hana katin Naira biya a waje, sai a tsakiyar 2025 suka fara dawo da shi. Malaman jami'o'in gwamnatin Najeriya suna da asusun TETFund da ke ɗaukar nauyin halartar taro, malaman Kamaru suna da alawus ɗin bincike da aka kafa a 2009. Ɗalibin mastar ba ya cikin ko ɗaya.

A nan unguwa ta yi rawar gani. Na raka yaron wajen wani dattijo ɗan kasuwa. Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, wannan takarda in ta fito, me za ta sayar?" Na ce, "Alhaji, ba ta sayar da komai. Shaida ce da za ta sa a ɗauke shi karatun dakta ba tare da mahaifinsa ya biya ko dala ba." Ya yi shiru, ya ce a dawo bayan Juma'a. Shi da wasu mutum biyar suka haɗa kuɗin rajista da na jirgi.

Kason da ba ya rabuwa

Sai biza, kuma a nan ne dokar Amdahl ta kama mu. Kuɗi ana iya yi musu gayya. Layin ofishin jakadanci kuwa mutum ɗaya ne ke tsayawa, kuma ko unguwa duka ta taru ba za ta rage masa kwana ɗaya ba. Daga ranar da aka karɓi takarda zuwa ranar taro sau da yawa wata biyu ne ko uku, kuma suna faɗawa ne a lokacin da dubban ɗalibai ke neman bizar karatu. Ranar ganawa da yaron ya samu ta zo bayan an tashi daga taron. Abokin aikinsu na Faransa ne ya tsaya ya gabatar. Sunan ɗalibina yana kan takardar, na farko ma, amma ba ya cikin ɗakin.

Wani zai ce ai buƙata ta biya, tunda takarda ta fito. Rabin buƙata ce ta biya. A wajen shan shayi tsakanin zama da zama ne farfesa ke cewa yana neman ɗalibi, a can ne ake jin tambayar da za ta zama binciken shekara mai zuwa, a can ne ake sanin fuskar wanda za a gayyata cikin kwamitin alƙalai. Wanda ba ya zuwa zai daɗe yana aika takarda ga mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, kuma ba zai zauna a kujerar da ake yanke shawarar inda za a kai taro na gaba ba.

Kuɗin bizar Schengen ya koma Yuro 90 tun 11 ga Yunin 2024, kimanin sefa dubu 59, kuma ba a mayarwa idan an hana. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne dokar biza ta Tarayyar Turai ta yafe wannan kuɗi ga masu bincike da ke zuwa taron kimiyya. Sai mutum ya nema, da wasiƙar gayyata da ta jami'arsa a hannu, kuma yafewar ba ta shafi ladan kamfanin da ke karɓar takardu ba.

Ɓangaren Amurka ya fi tsanani. A Yunin 2025 ta sa Chadi cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa. A Yuli ta mayar da yawancin bizar 'yan Kamaru da Najeriya ta shiga ɗaya mai wata uku. A Disamba ta ƙara Nijar da Mali da Burkina Faso cikin waɗanda aka hana gaba ɗaya, ta kuma taƙaita wa 'yan Najeriya bizar ziyara da ta karatu. Idan aka lura cewa SC kullum a Amurka ake yinsa, IPDPS ma yana yawan komawa can, za a ga cewa ƙasashen da Hausawa suka fi yawa a cikinsu an yanke su daga wani babban sashe na fagen, komai kyawun takardarsu.

Masu binciken ƙirƙirarriyar basira sun riga sun yi wannan faɗa. Bayan Kanada ta hana masu bincike 'yan Afirka da dama biza zuwa taron NeurIPS a 2018 da 2019, ƙorafi ya yi ƙarfi, kuma taron ICLR ya sauka Kigali a Mayun 2023. Ba a kawo shi don tausayi kawai ba. An kawo shi ne domin akwai 'yan Afirka da suka riga suka shiga cikin masu faɗa a ji a fagen.

Masu kamun kifi a ruwan ɗoki

Inda ƙofar gaskiya ta yi wuya, ta ƙarya tana buɗewa da sauƙi. Duk ɗalibin da ya taɓa sa adireshinsa a takarda zai fara samun gayyata zuwa "taron duniya" a Dubai ko Paris ko Istanbul, ana yi masa alkawarin amsa cikin kwana uku. Waɗannan ba sa karanta komai, rajista suke so. A 2005 wasu ɗaliban jami'ar MIT sun ƙera manhajar SCIgen mai haɗa takardun shirme, kuma wani taro ya karɓi ɗaya. A 2014 binciken Cyril Labbé na Grenoble ya sa aka cire irin waɗannan takardu fiye da 120 daga rumbunan IEEE da Springer. Ke nan tambarin babbar ƙungiya ma bai isa shaida shi kaɗai ba.

Gwajin ba shi da wuya. A duba ko taron yana cikin rumbun DBLP, da matsayinsa a jerin CORE. A duba sunayen 'yan kwamiti, ko mutane ne da ake karanta aikinsu. Taron da ya haɗa kwamfuta da noma da aikin jinya a zaure ɗaya, ko wanda ya karɓi takarda ba tare da gyara ko ɗaya ba, kasuwa ce. Asarar ta wuce ta kuɗi: aikin da aka buga a can ba a sake buga shi a wurin kirki, kuma kuɗin da dattawan unguwa suka haɗa sau ɗaya aka ci amanarsu ba za su sake fitowa ga yaro na gaba ba.

Abin da ke hannunmu

Akwai tambayar da ta cancanci amsa. Unguwar da ruwa ke shiga gidaje duk damina, wadda 'yan mata da yawa ke barin makaranta kafin sakandare ta ƙare, me ya kai ta kashe rabin miliyan kan takarda ɗaya? Gaskiya ne wannan ba ita ce buƙatarmu ta farko ba. Amma tashar jiragen ruwan Duwala, wadda kayan Chadi da Afirka ta Tsakiya ke bi, da bankuna, da kamfanonin waya, duk a kan waɗannan tsare-tsare suke tafiya, kuma wani ne zai gina su ya kula da su. Sannan uban da ya ga ɗan maƙwabcinsa ya samu karatun dakta kyauta ya fi saurin barin nasa ya ƙarasa sakandare a kan wanda aka yi wa wa'azin muhimmancin boko.

Matakin farko shi ne zaɓen ƙofar da ta dace da ƙarfin mutum. CARI yana karɓar Faransanci da Ingilishi, ana yinsa a nahiyar, kuma mujallar ARIMA da ke tare da shi kyauta ake karanta ta. Taron Compas na Faransa, na wannan fanni ne kai tsaye, da Faransanci ake yinsa. Manyan taruka suna da ƙananan zama na gefe da dandalin ɗalibai, da tallafin tafiya ga wanda ya nema da wuri. Tun ranar da aka aika takarda ya kamata a tambayi kwamiti ko ana yarda da gabatarwa daga nesa, a kuma fara neman ranar biza kafin sakamako ya fito.

Na biyu shi ne zaɓen tambaya. Ɗan Duwala ba zai yi tsere da masu El Capitan a kan girman na'ura ba. Amma manhajar SimGrid kyauta ce, tana kwaikwayon dubban na'urori a kan kwamfutar hannu ɗaya. Dandalin gwaji na Grid'5000 a Faransa yana da hanyar da na waje ke neman shiga. Masu lissafin tsantsa alƙalami da takarda suke buƙata. Kuma tambayar yadda tsari zai ci gaba da aiki idan wuta na yankewa, layi na zuwa yana tafiya, wayoyi ƙanana ne, tambaya ce da fagen ke ɗauka da muhimmanci, mu kuma a cikinta muke kwana muke tashi.

Na uku, wanda ya fi shafar masu karanta wannan shafi, shi ne iyakokin da suka raba mu. Manyan tarukan da Ingilishi kawai ake rubuta musu, kuma takarda mai kyau tana faɗuwa saboda alƙali ya gaji da jimloli. Ɗalibin Duwala ko Yamai yana da horon lissafi irin na tsarin Faransa da hanyar shiga ɗakunan binciken Grenoble da Toulouse. Na Kano ko Zariya yana da Ingilishi. Su biyun suna iya tattauna aikinsu da Hausa ta waya, ba tafinta. Mun ga abin da irin wannan haɗin kai ya haifar a wani fanni: Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa na HausaNLP da Masakhane sun fitar da NaijaSenti a 2022, sannan AfriSenti mai harsuna 14 a 2023, da marubuta daga ƙasashe da yawa. Har yanzu wannan zumunci ya fi ƙarfi a cikin Najeriya. Jami'o'in Ngawundare da Marwa da Garwa, da Abdou Moumouni ta Yamai, da Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, duk suna kusa da Kano fiye da Paris.

Na huɗu ya rage ga shugabannin unguwa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Abin da mutum shida suka yi wa ɗalibina cikin gaggawa ana iya mayar da shi asusu mai ƙa'ida, kamar adashen da muka saba, da malaman jami'a biyu ko uku da za su tantance cewa taron na gaske ne kafin a fitar da ko sisi. Takarda ɗaya ko biyu a shekara ba ta fi ƙarfin Kasuwar Kongo ba.

Kuɗin jirgin da ba a hau ba, yaron ya mayar wa Alhaji. Alhaji ya ƙi karɓa, ya ce a ajiye na tafiya ta gaba. Yanzu yana kan takarda ta biyu, kan yadda za a adana aiki idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar lissafi, kuma wannan karon da wani ɗalibi daga Zariya suke rubutawa. Sun ce taron da ake yi a Afirka za su fara aika wa.